Kaka da Wansa na Tsallaken Rafi

Ƙauyenmu yana tsakanin Batsari da Runka, a gefen wani rafi da ba ya riƙe ruwa sai da damina. Da rani yashi ne zalla, mata su tona da ƙoƙo su ɗebi ruwa. A wannan gefen mu muke, da masallacinmu na ƙasa da tsamiyar da dattawa ke zama a gindinta bayan La'asar. A wancan gefen kuma gida ɗaya ne tak, amma ya kusa kai rabin ƙauyenmu girma, sashe cikin sashe, rumbuna a jere har ba ka ganin ɗakunan. Gidan Maguzawa ne. Mai gidan kuwa wan kakana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kakan Tsallake muke ce masa, don mu bambanta shi da namu na gida, wanda muke kira Kaka kawai.

A can aka haifi Kaka. Yana saurayi ya tafi ci-rani birnin Katsina yana ga-ruwa, sai kurkunu ta kwantar da shi a zauren wani maɗinki. Mutumin ya yi jinyarsa har ya miƙe, kuma bai taɓa ce masa ya tashi ya yi salla ba. Kaka ya sha gaya mana cewa abin da ya ja shi ba wa'azi ba ne. Kullum da asuba yana kwance yana jin maɗinkin yana karatu ƙasa-ƙasa don kada ya tashe shi, har kunnensa ya saba, ya zama ranar da bai ji ba sai ya rasa abin da ke damunsa. Da damina ta kusa ya dawo gida da buta da sabon suna.

Ubansu bai kore shi ba. Ya yi kwanaki ba ya yi masa magana, sannan ya kira shi ya ce tun da yanzu ba zai sha abin da suke sha ba, ba kuma zai ci yankansu ba, zama a kan tukunya ɗaya zai yi wuya. Ya yankar masa gona a gefen Musulmi, ya ce ya je ya kafa gidansa a inda za su riƙa hango hayaƙinsa. Haka Kaka ya tsallako. Ya auri 'yar mutanen ƙauyen, ta haifa masa mahaifina da 'yan'uwansa.

Ni na tashi na tarar da gidajen biyu suna tafiya tare, ban ma san akwai abin tambaya a ciki ba. Matar Kakan Tsallake tana da tukunya da akushi da ta ware mana, a rataye a ragaya, ba a taɓa su sai mun je. In za su yanka akuya don wani sha'ani, sai a aiko Kaka ya zo da wuƙarsa ya yanka don kowa ya samu ya ci. In azumi ya kama, tun ranar farko za ka ga 'yan matan gidan sun tsallako da ƙwaryar gero da curin tsamiya a ka, su ce an ce a dama wa masu ƙishirwa kunu. Ranar gayya kuwa, samarinsu ne ke fara shiga gonarmu, kuma ba wanda ya kai su noma a duk yankin. Ina tuna ƙamshin gidan, na hayaƙin kara da daddawa da wani tsami-tsami da ke fitowa daga bayan rumbuna, inda aka hana mu zuwa. Sai da na girma na san nan ne ake dafa giya.

In tsofaffin biyu suka zauna a tabarma ɗaya, baƙo ba ya bukatar a gaya masa wa da ƙane ne. Zanen fuskarsu iri ɗaya, dariyarsu iri ɗaya, har yadda suke riƙe goro. Dukansu ba sa cin damo, don shi ne kan gidansu, wato dabbar da zuri'arsu ta haramta wa kanta tun kakanni. Na taɓa tambayar Kaka ko addini ne ya hana. Ya ce a'a, bakinsa ne kawai ba zai iya ba. In lokacin salla ya yi suna tare, Kaka ya ɗauki buta, sai wan ya ce, "In ka duƙa ka tuna masa da gonata, ruwa ya yi jinkiri." Kaka ya ce, "Kullum sai na faɗa, Yaya." Ba wasa yake ba, yana faɗa ɗin.

Burin Kaka a duniya shi ne ɗansa ya san abin da shi bai samu ya sani ba. Ya tura mahaifina karatu Katsina, daga can ya wuce Zariya, ya daɗe, ya dawo da haddar Alƙur'ani da littattafan fiƙihu cike da buhu. Shekaru masu yawa shi ne na'ibin tsohon limaminmu. Shi ke jan salla in liman ba ya jin daɗi, shi ke raba gado, shi ake tasowa in an yi haihuwa ko rasuwa.

Shekarar da na fara koyarwa a makarantar firamare a Batsari, Allah ya yi wa liman rasuwa. Kowa ya ɗauka magana a ƙare take. Amma da aka taru a gindin tsamiya gaban mai unguwa, sai dangin marigayin suka kawo ɗan ƙanensa, mutumin kirki, mai sayar da hatsi, wanda karatunsa bai wuce na yau da kullum ba. Wani dattijo daga cikinsu ya yi gyaran murya ya ce karatu kam ba wanda ke ja da mahaifina, amma limanci yana son asali, kuma bai dace wanda ubansa ya buɗe ido a gidan giya ya shige gaban jama'a ba alhali ga 'ya'yan gida. Kaka yana zaune a wurin, da carbinsa a hannu. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi gida, kuma daga ranar ya koma yin sallarsa a zaure.

Labarin ya same ni a Batsari ranar kasuwa, a bakin wani mai kai gyaɗa. Lokacin ina haya gida ɗaya da wani malamin tarihi na makarantar sakandare, wanda aka turo daga wajen Funtuwa. Ya girme ni, mutum ne mai yawan karance-karance, rediyonsa ba ta mutuwa. Da yamma muna cin tuwo a tsakar gida ya ga ba na ci, ya tambaye ni, na kwashe duka na gaya masa.

Da na gama, ya ce wannan tambayar ba a ƙauyenmu aka fara ta ba. Ya ce Yahudawa sun daɗe suna juya ta. A wurinsu mutum yana zama Bayahude ne ta hanya biyu: ko uwarsa Bayahudiya ce, ko kuma ya shiga da kansa. Wanda uwarsa ta haife shi a ciki, ko bai taɓa zuwa wurin ibadarsu ba, nasu ne. Mai shiga kuwa sai ya yi karatu mai tsawo, ya tsaya gaban malamansu su tambaye shi, ya yi wanka a wani ruwa da suka tanada. In ya gama sai a ba shi suna, a kira shi ɗan Annabi Ibrahim, ya zama yana da uba a cikinsu. Ya ce dokarsu ta hana a goranta wa irin wannan mutum inda ya fito, amma duk da haka har yau akwai ɓangarorinsu da ba sa yarda da shigar da wani ɓangaren ya yi wa mutum.

Ban san dalilin da ya sa maganar ta zauna mini ba. Wataƙila don ta nuna mini cewa abin ba a kan gidanmu kaɗai ya faɗo ba. Ranar Juma'a da aka tashi makaranta na hau kekena na nufi gida.

Na sami Kaka a zaure yana tukar igiyar rama, ya danne bakinta da babban yatsan ƙafa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi aiki da yaran makaranta da mai gidan hayarmu da tsadar hatsi a Batsari. Bai ɗauko maganar ba, ni ma ban san ta inda zan ɗauko ba, sai kawai na ce, "Kaka, wani abokin zamana ya ba ni labarin Yahudawa."

"Su na cikin Alƙur'ani?"

"Jikokinsu, na yanzu."

Na faɗa masa yadda na ji. Da na zo kan maganar uwa, ya tsaya da tuka.

"Ta wajen uwa suke ƙirgawa?"

"Haka ya ce."

Ya yi 'yar dariya, ta farko da aka ji daga bakinsa tun ranar taron, in ji innata. Ya ce, "To da haka ake yi a nan, ai da ubanka ya fi su duka asali. Kakarka jikar wanda ya haƙa rijiyar masallaci ce."

Da na faɗi maganar sabon uba kuma, sai ya daɗe yana kallon igiyar. Ya ce abu ne mai kyau, sun yi tunani, don kada a bar mutum tsaye ba dangi. "Amma ni," in ji shi, "ranar da aka ba ni suna a Katsina, malamin da ya raɗa mini shi ya tambaye ni sunan ubana. Na ji kunya, don sunan daji ne, irin wanda ake ba yaron da aka haifa ana shuka. Na faɗa a hankali. Ya maimaita da ƙarfi, ya haɗa da nawa. Ya ce addini bai ce in yar da ubana ba." Ya ci gaba da tuka. Can ya ce, "Su can ɗin, bayan an yi wa mutum duk wannan, ana daina tuna masa?"

Na ce abokina ya ce an hana, amma ba a rasa masu yi.

"To mutane ne kamar mu," in ji Kaka.

Ba mu ne muka kai maganar tsallake ba, amma rafin bai taɓa tare labari ba. Washegari bayan La'asar, dattawa suna zaune a gindin tsamiya, ni ma ina gefe tare da mahaifina, sai ga Kakan Tsallake yana hawowa daga yashi, da sandarsa, da tsohuwar rigar saƙi da ba ya sawa sai zai je gaban hakimi. A iya sanina bai taɓa zuwa ƙofar masallacin ba. Ya tsaya nesa kaɗan ya tuɓe takalmansa, ya gai da mai unguwa, ya bi dattawan ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi lafiyar iyali da dabbobi, ya yi musu gaisuwar liman. Aka shimfiɗa masa buzu, ya ce a tsaye zai yi, ba daɗewa zai yi ba.

Ya ce, "Ranar da ƙanena ya dawo da buta, mun ce ya bar mu. In muna zuba wa kakanni abin da muke zubawa, ba mu kiran sunansa. In ana rabon abin da ba ya ci, ba mu aje mashi. Ba mu yi hushi ba, mun ɗauka kun karɓa. Yau ya yi hurhura a cikinku, ya bizne matarsa a maƙabartarku, sai na ji kun ce namu ne. To na zo in ji. In namu ne, ku ba ni shi in tahi da shi, da ɗiyansa da jikokinsa, akwai ɗaki akwai hatsi. In kuwa naku ne, ku bar turo mana shi da baki."

Dattijon da ya yi maganar asali ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Mai unguwa ya ce, "Namu ne, Baba. Kuskuren harshe ne." Ya ciro goro ya miƙa masa. Tsohon ya karɓa, ya sa takalmansa, ya biya ta zaurenmu. Ban san abin da suka ce da Kaka ba, na dai ji suna gardama a kan wata tunkiya da ta shiga gonar wake.

Limancin bai dawo wa mahaifina ba a lokacin. An riga an kai sunan ɗan ƙanen marigayin wurin dagaci, kuma mahaifina ya ƙi yarda a sake tayar da maganar. Na ji haushi ƙwarai, na ce masa ya bar na'ibcin ma su nemi wani. Ya ce shi ba don a ba shi gaba ya yi karatu ba, kuma in ya bari, wa zai gyara wa mutumin in ya yi tuntuɓe a sura? Haka ya ci gaba da tsayawa a bayansa, yana yi masa gyara a hankali yadda na sahu na biyu ma ba sa ji. Sabon limamin kansa yakan zo gidanmu da littafi a hammata bayan an watse. Kaka kuma ya koma masallaci, wurinsa na da, sahun farko ta dama kusa da taga. Bayan wasu shekaru fataucin hatsi ya mai da limamin Katsina da zama, mahaifina ya shige gaba. Ba a yi taro ba, ba wanda ya ce komai.

Da ciwon ajali ya kama Kakan Tsallake, damina ce, rafin ya kawo. Kaka yakan naɗe wando ya kama hannuna ko na wani jikansa mu ratsa, ruwa har ƙugu. Mutane suka yi ta matsa masa ya sa wansa ya yi kalmar shahada kafin lokaci ya ƙure. Sau ɗaya ya yi masa maganar, ina ɗakin. Ya ce, "Yaya, da za ka faɗi abin da nake faɗa, da na ji daɗi." Tsohon ya buɗe ido ya dube shi, ya ce, "Na sani. Amma kai ka tahi, ni ma in tahi, wa zai zauna da su baba?" Kaka bai sake ba. Ya gyara masa mayafi, ya ci gaba da kore masa ƙuda.

Ranar da aka binne shi, Kaka ne ya fara sara ƙasa da fartanya, duk da tsufansa. Da mutanen tsallake suka zo yin abubuwansu na gargajiya ya ja baya ya tsaya a gindin wata ɗorawa, yana kallo, hawaye na bin zanen fuskarsa. Bai yi masa salla ba, bai kuma bar wurin ba sai da aka gama. Da muka dawo ya yi alwala ya yi La'asar, ya daɗe zaune a kan buzu. Shi ma bai daɗe ba bayan haka. Ranar tasa jana'izar, mutanen tsallake sun zo gaba ɗayansu, suka zauna a bayan sahu har aka sallame, suka kawo damman gero masu yawa don sadaka.

Yanzu ba kowa a ƙauyen, ko wannan gefe ko wancan. 'Yan bindiga sun tashe mu duka a shekara ɗaya, ba su tambayi wanda ke salla da wanda ba ya yi ba. Mahaifina a Batsari ya ƙarasa kwanakinsa, a gidan haya. Zuri'ar Kakan Tsallake sun watsu, wasu Safana, wasu Katsina. Da yawa sun musulunta, wasu suna zuwa coci, 'yan tsofaffi kaɗan suna nan a kan abin da suka gada, ko da yake ba su da inda za su yi shi. Ni na yi ritaya ina zaune a Katsina, 'ya'yana ba su taɓa ganin rafin da ruwa ba.

Akwai jikar Kakan Tsallake ɗaya da ta girme ni kaɗan, wadda nake kira Yaya, tana sayar da daddawa da kuka a kasuwar Batsari. Duk lokacin da hanya ta yi sauƙi nakan shiga mota in je in gan ta. Zuwan da na yi na baya-bayan nan na same ta tana ƙulla kuka a leda, ta tura mini kujerarta ta zauna a kan buhu.

"Malam, ka rame. Ba sa ba ka abinci a birnin?"

Na ce tsufa ne, Yaya.

Ta ce wani ɗan acaɓa daga Darini ya ratsa ta wajen ƙauyenmu kwanan baya, ya ce ciyawa ta rufe hanya, sai da ya tura babur. Sai ta tambaye ni ko na tuna shekarar da ruwa ya tafi da jakin mai unguwa da kayan barkono a bayansa, aka tsince shi da rai a gonar wani, yana cin dawa. Na ce shekarar da aka yi mini kaciya ce. Ta ce sam, ita ta riga ta fara zuwa tallan gyaɗa, ni kuwa ina goye. Muka yi ta ja, maƙwabciyarta mai sayar da manja tana dariya, har aka kira La'asar. Ta ce in je in yi salla in dawo, ta aika a sayo mini fura. Da na dawo motar Katsina ta ƙarshe ta cika ta tashi, dole na kwana a Batsari.